Kitsen da Ya Taru a Bayan Idona

Litinin, 8 ga Satumba

Suga da safe, 9.6.

Auta ce ta kawo mini littafin nan daga kantin maganin da take aiki, wai in riƙa rubuta sugana kullum don likita ya gani. Na ce mata shekara ashirin da shida ina tuƙi, ban taɓa rubuta abin da ya wuce lambar mota ba. Ta ce, "To Baba, ka ɗauka kai ma mota ne." Yarinyar nan bakinta sai Allah.

An koma makaranta yau. Yara talatin da ɗaya a bas ɗina, da Malama mai rakiyarsu. Sababbi huɗu ne. Ɗaya 'yar mitsitsiya mai kitso biyu, ta yi kuka tun daga ƙofar gidansu har ƙofar makaranta, ko numfashi ba ta tsaya ja ba.

Alhamis, 11 ga Satumba

10.2.

Tunda littafin nawa ne, bari in faɗi gaskiya a ciki. Ƙwayar kitsen jinin nan da likitan suga ya rubuta mini a watan huɗu, na daina shan ta tun watan shida. Ciwon ƙafa take sa ni, musamman ta hagu mai taka kuloci. Kuma ni ban ga kitsen ba. Mutum kamar sandar tsintsiya, bel ɗina sai da aka ƙara masa huda biyu, a ce wai kitse ya yi mini yawa a jini? Kolestarol suke ce masa. Suga dai na yarda da shi, gadonmu ne, shi ya makantar da Yaya kafin ya tafi da shi. Amma kitse, a ina?

Auta na kawo ƙwayar duk wata, ina karɓa da godiya, in zuba a durowar gaban bas. Kwali uku ke nan.

Talata, 16 ga Satumba

Turken lantarkin da ke gaban gidan mai, wanda nake juyawa a gindinsa kullum, ya lanƙwashe. Ba karyewa ya yi ba, ba kuma jingina ba. Tsakiyarsa ce ta turo kamar mutum ya dafa ƙugu. Na ce wa Malama wata babbar mota ta bugi turken nan. Ta leƙa ta taga, ta ce, "Wane turke, Direba? Wannan da ke tsaye ƙyam?"

Na yi dariya na ce wasa nake yi.

Da na ajiye yara na koma ni kaɗai na tsaya a gefen titi. Na rufe idon dama, turke ya miƙe. Na rufe na hagu, ya sake dafa ƙugu. Layin da aka ja a tsakiyar titi ma haka, yana zuwa wani wuri sai ya karkace ya dawo. Na wanke gilashin gaba sau biyu, duk da na san ba shi ba ne.

Juma'a, 19 ga Satumba

11.0. In na kalli agogon falo da idon dama, ba lamba a tsakiya. Sai wani dishi-dishi kamar an shafa yatsa mai maiƙo.

Talata, 23 ga Satumba

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Bakwai saura kwata, rana ta fito sarai, ba hazo ba komai. Mun wuce shataletale, sai ga mace tsaye a kan titi, ba a gefe ba, daidai inda tayar dama za ta bi. Doguwa, da mayafi rawaya ya rufe ta har ƙasa. Ba ta motsi. Na danna oda, na take birki, jakunkunan yara suka zube.

Malama ta ce, "Subhanallahi, mene ne?"

Babu kowa. Titi fes, sai wani mai keke can nesa. Na ce mata kare ne ya gifta. Ta ce ita ba ta ga kare ba, na ce ai baƙi ne, ya shige kwalbati.

Abin da ya tsaya mini a rai, na kalle ta sosai, wajen daƙiƙa biyu ko uku. Na ga ninkin mayafin, na ga yadda ya sauko daga kafaɗarta. Amma inda fuska take, ba komai. Ba rufe ta ta yi ba. Wurin ne kawai babu.

Alhamis, 25 ga Satumba

Matar ta sake fitowa, a gaban makaranta, jikin katanga. Wannan karon ban taka birki ba don ba a hanya take ba. Yara suka sauka suka bi ta gabanta a guje, ba wanda ya ko kauce.

Na yi addu'o'in da na sani. Ban gaya wa maman yara ba.

Talata, 30 ga Satumba

Suga 10.8.

Yau a garejin makaranta, tsakar rana, ina goge madubi. Na hango ta a ciki, zaune a kujerar ƙarshe ta bas, hannuwa a cinya kamar mai jiran a tashi. Na juya, kujera ce kawai da robar ruwan wani yaro. Na koma ga madubi, ba ta.

Ba ta magana, ba ta matsowa, ba ta yi mini komai. Da za ta yi wani abu ma da na san abin da nake ciki. Na shiga na zauna a kujerar da kaina, na taɓa ta. Da zafi, amma rana ce ta doke ta ta taga. Rana ce mana.

Tun jiya nake tunanin Yaya.

Asabar, 4 ga Oktoba

Na je gaishe da matar Yaya. Rabona da gidan tun wata biyar, ta kuwa yi mini tas. "Ƙanin miji, ashe kana raye? Na ɗauka bas ɗin ta haɗiye ka." Ta kawo shayi ba suga, ta ce gidan nan an saba.

Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na tambaye ta baƙin nan da Yaya yake cewa yana gani a shekararsa ta ƙarshe, bayan idanunsa sun tafi. Ta ajiye kofi ta dube ni.

Ta ce wasu 'yan gajerun mutane ne masu huluna, sukan jeru a jikin bango kamar masu jiran layin asibiti. Wani lokaci kuma mace guda, tsaye kusa da kabad. Ba sa magana. Yakan ce mata, "Yau ma sun zo," kamar mai ba da labarin ruwan sama.

Na ce ai lokacin mun ɗauka kansa ne ya taɓu.

Ta ce, "Kai ka ɗauka. Ni da nake ɗaki ɗaya da shi na san hankalinsa garau yake. Ya san ba su nan, ganinsu kawai yake yi. Tun ranar da ka ce masa ya daina irin wannan magana a gaban yara bai ƙara faɗa wa kowa ba, har ni. Sai dai in ga ya juya kai yana bin wani abu a ɗaki, in na tambaya ya ce ba komai."

Ni na ce a mayar da shi ɗakin baya. Na ce jikokinsa na tsorata. Wata takwas ya yi a can.

Da zan tafi ta rako ni ƙofa, ta ce, "Me ya sa kake tambaya yanzu?" Na ce tunowa kawai na yi. Ta ce, "Allah ya sa."

Ban tambaye ta launin mayafin matar ba. Da gangan.

Laraba, 8 ga Oktoba

Asirina ya fara tonuwa a kan abin banza. Ina zuba ruwan zafi a kofi, na zuba rabi a tebur. Auta na nan, ta zo gaishe mu kafin ta wuce aiki. Sai ta ɗauko kalandar bango ta riƙe a gabana, ta sa tafin hannunta ta rufe mini idon hagu.

"Baba, layukan nan a miƙe suke?"

Na ce a miƙe suke.

"To karanta mini lambar da yatsana yake kai."

Ban ga yatsan ba ma.

Ta karɓo mini lokaci a asibitin ido ranar Asabar. 

Lahadi, 12 ga Oktoba

Jiya ban iya rubutu ba. Sun ɗiga mini wani magani da ya buɗe ƙwayar idon, duniya ta koma fari fat, maman yara ce ta riƙo hannuna har gida.

An sa ni na ɗora haɓa a kan wata na'ura, haske ya walƙa, aka ɗauki hoton bayan idona. Likitar mace ce, ba ta fi sa'ar babbar 'yata ba. Ta juyo da allon kwamfuta ta ce in duba da idon hagu.

Wani faifai ne ja kamar rana za ta faɗi, jijiyoyi sun ratsa shi. A kusa da tsakiya kuma ga wasu ɗige-ɗige rawaya, masu ƙyalli, sun yi zobe.  Launin mayafin matar nan ne sak. Ko a kasuwa aka ce in zaɓo shi, shi zan ɗauko.

Na ce, "Likita, mene ne wannan?"

Ta ce kitse ne. Suga ya cinye ƙarfin ƙananan jijiyoyin, sun fara tsiyaya. Abin da ke tsiyayowa ruwan jini ne da kitsen da ke cikinsa. Ruwan ya kumbura wurin, shi ya sa layuka ke lanƙwashe mini. Inda ruwan ya janye kuma sai kitsen ya zauna. Na gane nan take, haka tiyon lagireton mota yake yi, ruwa ya bushe ya bar gurbinsa. Ta ce sun lura masu kitse da yawa a jini sun fi tara waɗannan ɗige-ɗigen, in kuma suka cika tsakiya, inda mutum ke karatu da gane fuska, suna iya barin tabon da ba ya gogewa. Idon hagu ma ya fara, amma nasa na can gefe.

Na ce ni da ba ni da ƙiba.

Ta ce, "Baba, kitsen jini ba ruwansa da tumbi. Kana shan ƙwayar da aka rubuta maka?"

Na ce wani lokaci. Ta duba takardar gwajin jinina, ta dube ni.

Sai na ce wani abokina mai irin wannan ciwon yana ganin mutanen da ba su nan. Ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce sananne ne a wurinsu. In ido ya rage aika hoto, ƙwaƙwalwa kan cike gurbin da nata. Ba hauka ba ne, ba kuma wani abu ne ya shiga jikinsa ba. Ta ce, "Ka gaya wa abokin naka ya ƙyale su su yi tsayuwarsu. Ba za su yi masa komai ba."

Za su yi mini allura a cikin ido, wata-wata. Layi ya yi tsawo, sai watan gobe.

A ƙarshe tana rubutu ta tambaye ni sana'ata. Maman yara na waje a kan benci. Na ce na yi ritaya.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Idon hagu na gani sarai. Mutum nawa ke tuƙi da ido ɗaya? Hanyar nan ko a rufe na san raminta.

Talata, 21 ga Oktoba

9.9.

Ta fito yau bayan shataletale, daidai wurin farko, a kan titi. Ƙafata ta tashi za ta koma birki, na hana ta. Na ce a raina likita ta ce a ƙyale ki. Na riƙe sitiyari, na bi ta kanta.

Ba ƙara, ba girgiza. Yara na waƙarsu a baya. Na duba madubi, titi fes.

Na ji daɗi, kada in ɓoye. Har na saya wa maman yara lemo a hanya.  Amma duk da na san ba ta nan, na taka mutum da ganina, kuma na ga zan iya.

Laraba, 29 ga Oktoba

Ya Allah.

Sau huɗu na bi ta kanta a makon nan, har na fara sabawa.

Yau da safe, a layin da ke bayan asibitin yara, inda motoci ke fakawa dama da hagu. Ta fito daga tsakanin motoci biyu ta tsaya a gabana. Mayafi rawaya. Doguwa. Na kalle ta, ban ɗaga ƙafa daga totur ba. Ina ma tunanin wani abu daban, tayar baya da ke rage iska.

Malama ce ta ƙwalla ihu. "Direba! Mutum! Mutum!"

Ban san lokacin da na take ba. Bas ta yi ƙugi ta tsaya, yara suka kifa a kan juna. 'Yar mai kitso biyu ta bugi ƙarfen kujera, leɓenta ya fashe.

Matar ba ta ɓace ba. Tafin hannunta na kan ƙarfen gaban bas, kamar ita ta tsayar da ita. Na sauko. Tana da fuska. Yarinya ce ƙarama, da tabon ƙuna a haɓa, da katin asibiti a hannu. Mayafin ya zame, sai ga goyo a bayanta, jariri yana barcinsa, baki buɗe.

Ba ta zage ni ba. Ta ce, "Baba, ba ka gan ni ba ne?"

Na ce, "Na gan ki."

Haka ya fito. Ta tsaya tana kallona. Ta gyara goyonta ta ja da baya a hankali, ba ta juya mini baya ba har ta kai bakin ƙofar asibitin.

Malama ta danne wa yarinyar leɓe da hankici har makaranta.  Na tuƙa kamar mai ɗauke da ƙwai.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Bayan yara sun sauka Malama ba ta sauka ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ranar kare, ba kare. Jiya ga mutum, ba birki. Ni ban san me ke damunka ba, Direba, kuma ina ganin girmanka. Amma 'ya'yan mutane ne. Ko ka faɗa da bakinka kafin Litinin, ko ni in faɗa."

Gobe ba makaranta, taron malamai. Allah ya taimake ni da wannan.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Tun shida na isa gareji. Na duba mai, na duba ruwa, na sa aka ƙara wa tayar baya iska. Na kwashe kayana daga durowa, har da kwalayen nan, yanzu biyar. Sannan na je ofishin manaja na ajiye makulli a tebur.

Na faɗa masa duka, ban da matar da ni kaɗai nake gani. Na ce ido ne, suga da kitse sun taru sun ɓata bayansa, na sani tun sati uku na yi shiru. Ya cire tabarau ya daɗe yana murza goshi. Ya ce shekara goma sha ɗaya ban taɓa ko goge fentin motarsu ba. Ya ce in tafi hutun rashin lafiya, in likita ta rubuto da hannunta cewa zan iya, makulli na nan. Yadda ya faɗa, shi ma bai sa rai ba.

Direban wucin gadi ya ja bas ɗin ina tsaye. Yana sakin kuloci da gaggawa, zai kashe shi kafin ƙarshen zango.

Mai mayafin rawaya tana tsaye a bakin get lokacin da na fito. Na kauce mata. Daga yau kowa na gani zan kauce masa.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Na zube kwalayen a gaban Auta. Ta ƙirga su da ido, ta zauna a ƙasa kamar an zare mata laka.

"Baba, ni nake ɗauko maka su da hannuna."

Na ce ƙafata ce ke ciwo.

"Ai sai ka faɗa! Iri nawa ne? Da an canza maka wata, ko a rage ƙarfinta. Mutum nawa nake gaya wa haka a kanti kullum, ashe na gida..." Ba ta ƙarasa ba.

Maman yara ta ce a bar faɗa, abin da ya wuce ya wuce. Sai ta juyo gare ni ta ce, "Akwai sauran abin da ka zuba a durowa?"

Na gaya musu matar. Na gaya musu mai goyon ma. Na jira a dube ni yadda na dubi Yaya. Maman yara ta ce, "Yanzu tana nan?" Na ce tana bakin ƙofar kicin. Ta waiga ta dubi wurin, ta ce, "To, ta matsa, zan ɗora girki."

Laraba, 12 ga Nuwamba

An yi allurar farko. Tsoronta ya fi ta zafi. Likitan suga ya canza ƙwayar kitsen, ya ƙara ta suga.

Na gaya wa likitar ido ban yi ritaya ba, da abin da nake tuƙawa, da abin da ya faru. Ta ajiye biro. Ta ce, "Da ka faɗa mini, da ban ce maka a ƙyale su haka kawai ba." Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba.

Na tambaye ta ko zan koma tuƙi. Ta ce kumburin zai iya sauka, ɗige-ɗigen kuma sukan ɗauki watanni kafin jiki ya kwashe su, in suga da kitse da hawan jini sun zauna. Abin da take so yanzu shi ne a tsare idon hagu. Tuƙi kuma ba ta yi mini alkawari ba.

Lahadi, 23 ga Nuwamba

7.8.

Rubutuna ya yi manya, shafi ɗaya ba ya ɗaukar komai.

Da la'asar ina zaune a falo ni kaɗai, sun tafi unguwa. Mai mayafin ta zo, kuma ba ita kaɗai ba. Wasu uku gajeru a jikin bango, da huluna. Ban taɓa ganinsu ba sai yau. Na san labarin matar Yaya ne ya zauna mini a kai, na sani. 

Na yi yadda likita ta koya mini, na kunna fitila, na ƙifta ido, na juya kai. Suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshen ya fi daɗewa.

Wata takwas shi kaɗai da su, a ɗakin da ba taga sai ɗaya. Allah ya jiƙanka, Yaya. Ka yafe mini.

Laraba, 10 ga Disamba

7.1. Kitse ya sauko, in ji takarda. Ƙafa ba ta ciwo da wannan sabuwar ƙwayar.

Allura ta biyu yau. A hoto kumburin ya ragu kaɗan, zoben rawayan na nan inda yake. Likita ta ce haƙuri.

Ba wanda ya samu raka ni sai maman yara, muka hau bas ta haya. Rabona da zama a kujerar fasinja har na manta. Na zaɓi bayan direba don in ga abin da yake yi. Yana bin mota kurkusa, yana canza giya a makare, hannu ɗaya a sitiyari. Ina ta taka ƙasa da ƙafar dama, har maman yara ta ce in bar birkin mutane, zan huda musu mota.

A dawowa, ido a rufe da auduga, muka samu kujerar tsakiya jikin taga. Na ce mata direban nan ma ba shi da hannu, ji yadda yake shiga rami. Na tuna na faɗi haka. Abin da na sani bayan nan, tana girgiza kafaɗata tana cewa mun wuce tasharmu da biyu, ita ma ta ƙyale ni ne don ta ga bakina a buɗe.

Maganin da suka ɗiga ne, ina jin. Ni ba na barci a motar wani.